SABUWAR KYAMARA TA FITO: A CANJA KO A RIƘE TSOHUWA?

A wannan mako filin namu zai leƙa wata sana'a wadda kowa ke cin moriyarta, amma ba kowa ne ya san irin lissafin da ke cikinta ba, watau sana'ar ɗaukar hoto. Babu wani bikin aure ko na suna, ko walimar saukar karatu, ko taron siyasa da za a yi a watse ba a ga mai hoto yana kai da kawowa da kyamara rataye a wuyansa ba. To, wannan abin da ke rataye a wuyan nasa sau da yawa shi ne jarinsa kaf, da shi yake ci da iyali, da shi yake biyan kuɗin haya da na makarantar yara.

Abin da ke hana irin wannan bawan Allah barci shi ne, manyan kamfanonin nan biyu na ƙasar Jafan, watau Canon da Nikon, sun shafe wajen shekara ashirin suna fito da sabon zubin kyamara ɗaya bayan ɗaya. Mutum bai gama biyan bashin wadda ya saya ba sai ya ji an ce ƙanwarta ta fito, kuma wai ta fi ta komai. Daga nan sai zuciya ta fara raya masa cewa an bar shi a baya. Shin ya sayar da ta hannunsa ya cika kuɗi ya karɓi sabuwa, ko kuwa ya riƙe abarsa? Wannan ita ce tambayar da za mu bi diddiginta yau.

YADDA KYAMARAR KE AIKI

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san irin kyamarar da muke magana a kai. Ita ce wadda ake kira DSLR, kuma kashi biyu ce. Akwai gangar jiki, wadda 'yan sana'a ke ce wa bodi, akwai kuma gilashin gaba, watau lens, wanda ake murɗewa a cire a sa wani. In haske ya ratsa gilashin nan sai ya faɗa kan wani ɗan madubi da ke kishingiɗe a ciki, shi kuma ya tura shi sama zuwa kafar da mai hoto ke sa ido. Da zarar an danna maɓalli sai madubin ya ɗaga, wani ɗan labule ya buɗe ya rufe cikin ƙiftawar ido, hasken ya sauka a kan wani faranti mai kama haske, wanda ake kira sensa. Wannan faranti shi ne ya maye gurbin fim na da.

Abin lura a nan shi ne, gilashi mai kyau yakan yi shekara ashirin ko fiye yana aiki, amma gangar jiki ita ce kamfani ke sabuntawa a kai a kai. Saboda haka in an ce mutum zai canja kyamara, galibi gangar jikin ake nufi.

TAƘAITACCEN TARIHI

Wani injiniyan kamfanin Kodak na Amurka mai suna Steven Sasson shi ne ya fara haɗa kyamarar da ba ta bukatar fim a shekarar 1975. Nauyinta ya kai kilo uku da rabi, kuma sai ta ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta gama rubuta hoto guda a kan kaset. A 1991 Kodak ya fito da DCS 100, wadda aka gina a jikin Nikon F3, mai hoto yana saɓe da wani akwati daban inda hotunan ke taruwa. Hotonta ɗigo miliyan 1.3 ne kacal. Shi wannan ɗigo miliyan guda shi ne ake kira megafiksel, kuma za mu sake komowa kansa.

A 1999 Nikon ya fito da D1 mai ɗigo miliyan 2.7, wadda ta sa 'yan jarida da yawa suka fara ajiye fim. Amma talaka bai samu shiga ba sai a 2003, sa'ad da Canon ya kawo EOS 300D a kan kuɗi ƙasa da dala 1,000. Nikon ya mayar da martani da D70 a 2004. Tun daga nan tsere ya kankama, har ya kai a shekarar 2012 kamfanonin Jafan suka fitar da irin wannan kyamara sama da miliyan 16 zuwa kasuwannin duniya. Ba a taɓa kaiwa haka ba, ba a kuma sake kaiwa ba.

INDA CANJI YA BIYA KUƊIN SABULU

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk sabon zubi yaudara ne. Akwai lokutan da tsakanin ya da ƙanwa akwai tazara mai yawa, wanda ya canja kuma ya ga amfanin kuɗinsa.

Misali na farko shi ne Nikon D3 ta 2007. Wadda ta gada, watau D2X, ƙarfin ganinta a duhu, abin da ake aunawa da lambar ISO, ya tsaya ne a 800 in ana son hoto mai tsabta. Ita kuwa D3 ta kai 6,400. Ma'anar wannan ita ce, tana iya ɗaukar hoto da kashi ɗaya cikin takwas na hasken da yayarta ke bukata. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton amarya a cikin ɗaki da dare, ga wuta an ɗauke, ya san darajar wannan. Abin mamaki kuma, ɗigon D3 miliyan 12.1 ne, alhali na D2X miliyan 12.4 ne. Watau sabuwar ta fi tsohuwar ƙarancin ɗigo, amma ta fi ta kyawun hoto nesa ba kusa ba, gama farantinta ya fi girma, kowane ɗigo yana shan haske sosai.

Misali na biyu shi ne Canon 5D Mark II ta 2008. Yayarta 5D ta 2005 ɗigo miliyan 12.8 gare ta kuma ba ta ɗaukar bidiyo ko kaɗan. Ita kuwa Mark II ta zo da miliyan 21.1, ga kuma bidiyo garau irin na sinima. Ko da yake Nikon D90 ta riga ta kawo bidiyo da 'yan makonni, 5D Mark II ce ta girgiza duniya. Da ita aka ɗauki hoton Shugaba Barack Obama na ofis a watan Janairu na 2009, karo na farko da aka yi hoton shugaban Amurka na hukuma ba da fim ba. A 2010 kuma da ita aka ɗauki kashin ƙarshe na zango na shida na wasan talabijin ɗin nan na Amurka mai suna House. Mai hoton da ya saye ta ya wayi gari da sana'a biyu a hannu, ga hoto ga bidiyo.

Misali na uku ya fi ɓoyuwa. Da 5D Mark III ta fito a 2012 mutane da yawa sun yi tsaki, domin ɗigonta miliyan 22.3 ne, kusan daidai da na yayarta. Amma wuraren da take saita hoto da kanta sun tashi daga 9 zuwa 61, saurinta ya tashi daga kusan hoto 4 a daƙiƙa zuwa 6, kana aka sa mata ramin kati biyu maimakon ɗaya. Ga mai ɗaukar ƙwallon ƙafa ko sukuwar dawaki, saitin nan shi ne bambancin hoto mai kaifi da hoto dishi-dishi. Ga mai hoton biki kuwa, kati biyu na nufin ko ɗaya ya lalace hotunan ɗaurin aure suna nan a ɗayan. Ɗaurin aure kuwa ba a maimaita shi don mai hoto.

INDA SUNA KAWAI AKA CANJA

To amma akwai ɗaya gefen. Dubi jerin ƙananan kyamarorin Canon da suka cika hannun masu hoto. An yi 550D a 2010, aka yi 600D a 2011, aka yi 650D a 2012, aka kuma yi 700D a 2013. Duka huɗun ɗigo miliyan 18 ne. Ta 2011 an sa mata allon baya mai juyawa, ta 2012 an sa allon ya zama na shafawa da yatsa aka kuma ɗan gyara saiti, ita kuwa ta 2013 sai an ƙura ido sosai kafin a ga abin da ya raba ta da yayarta. In aka wanke hotunan huɗun aka baza a kan tebur, da wuya a sami wanda zai ce ga na wannan ga na waccan. Mutumin da ya bi jerin nan yana canjawa kowace shekara ya yi asara sau uku, hotonsa kuwa yana nan yadda yake.

Haka abin yake a gidan Nikon. D3200 ta 2012, da D3300 ta 2014, da D3400 ta 2016, da D3500 ta 2018, duk ɗigo miliyan 24 ne. Har ma akan rage wani abu a sabon zubi. D3400 ta zo da hanyar tura hoto zuwa wayar hannu, amma an cire mata kafar da ake sa makirfo, an kuma cire na'urar da ke karkaɗe ƙura daga faranti, alhali kuwa D3300 tana da duka biyun. Mai ɗaukar bidiyon wa'azi ko na biki da ya sayar da D3300 ya karɓi D3400 ya koma baya ne da kuɗinsa. Har wa yau D7200 ta 2015 tana da ramin kati biyu, amma magajiyarta D7500 ta 2017 ɗaya aka bar mata, ko da yake ta fi ta sauri. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Darasin da ke nan a fili yake. Lambar da ke rubuce a goshin kyamara ba ita ke nuna ci gaba ba. Sai an ɗauki takardar bayanin tsohuwa da ta sabuwa an jera, an ga abin da aka ƙara da abin da aka zare.

RUƊIN YAWAN ƊIGO

Babu abin da mai kanti ya fi jawo hankalin mai saye da shi kamar yawan ɗigo. Zai ce maka taka miliyan 12 ce, wannan kuwa miliyan 24, watau ninki biyu. Gaskiya ne ɗigon ya ninka, amma kaifin hoto bai ninka ba, domin ɗigon nan ana raba shi ne tsakanin tsawo da faɗi. In aka yi lissafi, ƙarin da aka samu a kowane gefe bai wuce kashi 41 cikin ɗari ba. Kafin kaifi ya ninka sosai sai ɗigo ya ninka sau huɗu, watau daga miliyan 12 zuwa 48.

Sa'an nan kuma a tambayi kai, ina hoton zai je? Ma'aunin da masu wanke hoto ke bi shi ne ɗigo 300 a kowane inci. Bisa ga wannan, hoto mai inci 5 da 7 yana bukatar ɗigo miliyan 3 da 'yan kai ne kawai. Mai inci 8 da 10, wanda ake sa wa firam a rataye a falo, miliyan 7.2 ya ishe shi. Hoton fasfo kuwa ko rabin miliyan bai kai ba. Hotunan da ake turawa ta WhatsApp ko Facebook ma matse su ake yi a rage musu nauyi kafin su isa. Wanda ke bukatar miliyan 36 ko 45 shi ne mai yi wa kamfanoni hoton talla da za a buga ƙato, ko mai ɗaukar abu daga nesa ya yanko tsakiyarsa. Ga sauran jama'a kuwa, daidai ruwa daidai tsaki.

KUƊIN DA BA A RUBUTA A JIKIN KWALI BA

Wani wurin da masu hoto ke faɗawa rami shi ne, sukan yi lissafin kuɗin gangar jiki kawai su manta da 'yan rakiyarta.

Na farko batir. Wanda ya tashi daga 5D zuwa 5D Mark II ya tarar batir ya canja daga BP-511A zuwa LP-E6. Wanda ya tashi daga 700D zuwa 750D ya tarar LP-E8 ɗinsa ba ya shiga, sai LP-E17. A Nikon ma, batirin D700 ba ya aiki a D800. In mutum yana da batir huɗu da caja biyu, duk sun zama kayan ajiya. Amma a yaba wa Canon a wuri guda, gama LP-E6 ɗin nan ya yi aiki a 7D da 60D da 6D da 70D da 5D Mark III, saboda haka mai yawo a tsakanin waɗannan bai yi asara ba.

Na biyu katin ajiya. An fara da CF da SD, sai Nikon D4 ta kawo XQD a 2012, Canon 1D X Mark II ta kawo CFast a 2016, daga baya kuma CFexpress ya shigo. Sababbin katunan nan sun fi SD tsada ƙwarai, kuma kowanne da irin na'urar karanta shi.

Na uku kwamfuta. Da D800 ta fito a 2012 da ɗigo miliyan 36.3, ninki uku na D700, ɗanyen hoto guda yakan kai megabait 40 ko fiye. Kwamfutar da ke gudu da hotunan D700 sai ta koma tafiyar hawainiya, ma'ajiya kuma ta cika nan da nan. Daɗin daɗawa saurin ɗauka ya sauka daga hoto 5 a daƙiƙa zuwa 4.

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne gilashi. Farantin kyamara iri biyu ne. Akwai babba mai milimita 36 da 24, daidai da fim na da, akwai kuma ƙarami wanda bai kai rabin wancan ba a fili. Mai 700D ko 80D da ya yi sha'awar hawa 6D ko 5D ya sani cewa gilasansa masu alamar EF-S ba za su ɗauru a kansu ba sam. Na Nikon masu alamar DX suna ɗauruwa a babbar kyamara, amma tsakiyar farantin kawai suke cikawa, sai kyamarar miliyan 24 ta koma ba da kimanin miliyan 10. Bugu da ƙari, ƙananan Nikon na jerin D3000 da D5000 ba su da injin da ke juya tsofaffin gilasai masu alamar AF-D, sai dai a saita da hannu. Sau da yawa kuɗin sababbin gilasai yakan zarce na kyamarar kanta.

LISSAFIN NAIRA

Ana ƙera kayan nan a ƙasashen waje ne, da dala kuma ake shigo da su, alhali mai hoto da naira ake biyansa. Bari mu ɗauki gidan 5D mu gani. A 2008 an sa wa Mark II dala 2,699, lokacin dala tana wajen naira 120, watau kimanin naira 324,000. A 2012 Mark III ta zo a dala 3,499, dala tana wajen naira 158, watau kimanin naira 550,000. A 2016 Mark IV ta zo a kan dala 3,499 ɗin nan dai, ko sisi ba a ƙara ba, amma da yake dala ta kai wajen naira 305 a farashin gwamnati, kuɗinta ya haura naira miliyan ɗaya. A 2024 kuwa dala ta wuce naira 1,500, kayan dala 3,500 ya tashi sama da naira miliyan 5. Duk wannan ban da kuɗin kwastan da ribar ɗan kasuwa.

Saboda haka shawarar da mujallun Turai da Amurka ke ba masu karatunsu ba lalle ta dace da mai hoto a Agege ko Sabo ta Ibadan ba. Shi lissafinsa guda ne: nawa zan cika, kuma aiki nawa zan yi kafin kuɗin su dawo? Alal misali, a ce cikon naira 900,000 ne, kuma sabuwar kyamarar za ta sa ya ƙara naira 15,000 a kan kowane biki. Sai ya yi biki 60 kafin ya mai da kuɗinsa. In kuwa masu ba shi aiki ba za su ƙara ko kwabo ba don ya canja kyamara, to, kuɗin nan ado ya saya da su, ba jari ya zuba ba.

KADA A YI GAGGAWAR ZUBIN FARKO

Ko an yanke shawarar canjawa, akwai hikima a ɗan jinkirta. Manyan kamfanoni ma sukan yi tuntuɓe. A 2007 Canon 1D Mark III ta fito da matsalar saiti wajen bin abu mai gudu, har kamfanin ya nemi a mayar da wasu domin a gyara wani ƙaramin madubi da ke ciki. A 2012 kuma masu Nikon D600 suka yi ta kukan ɗige-ɗigen ƙura da mai a kan faranti. Nikon ya fito da D610 a 2013, kana a farkon 2014 ya ba da sanarwar zai share ya kuma canja labulen D600 kyauta, har hukumomin ƙasar Sin suka sa aka daina sayar da ita a can. Wanda ke zaune kusa da ofishin kamfani an gyara masa. Wanda ya yi saƙo aka kawo masa daga Dubai ko London kuwa, sai ya ji a jikinsa. Wata shida ko shekara guda na haƙuri yakan isa a ji abin da waɗanda suka riga saye ke faɗi, farashi ma yakan ɗan sauka.

Akwai kuma gyaran da ba ya cin ko kwabo. Kamfanoni sukan saki sabuwar manhaja a intanet wadda ake ɗora wa kyamara. Ta haka ne a 2012 Canon 7D ta tashi daga ɗaukar ɗanyen hoto 15 a jere zuwa 25, ta haka ne kuma 5D Mark II ta samu ɗaukar bidiyo a saurin sinima a 2010. Ya kamata mai kyamara ya duba ko an yi wa tasa irin wannan.

IN TA HANNU ZA A SAYA

Galibin masu hotonmu ta hannu suke saye, wadda mutanen Ikko ke kira tokumbo, kuma babu aibi a ciki, da tsohuwar zuma ake magani. Babbar kyamara ta zubin baya sau da yawa ta fi ƙaramar kyamara sabuwa fil ƙarfin jiki da saiti. Sai dai ba a cinikin biri a sama.

A fara da tambayar sau nawa labulenta ya buɗe, domin shi ne kamar lambar mil a mota. Ƙananan kyamarori irin su D3200 an gwada labulensu zuwa 100,000, 5D Mark III da D700 zuwa 150,000, D800 zuwa 200,000, manya irin su D4 da 1D X kuwa zuwa 400,000. Ba wai da an kai lambar sai ta mutu ba, amma daga nan an shiga lokacin da komai na iya faruwa. Mai ɗaukar hoto 1,000 a kowane biki, biki biyu a mako, zai ci wajen 100,000 a shekara guda. Nikon tana rubuta wannan lamba a cikin bayanan kowane hoto, yawancin na Canon kuwa sai an haɗa da kwamfuta.

Sa'an nan a tsuke ƙofar gilashi a ɗauki hoton farin bango, a buɗe shi a kwamfuta a nemi tabo. Ƙura tana sharuwa, amma ƙarzuwa a kan faranti ba ta da magani sai canji. A gwada kowane maɓalli da kowane ramin kati, a duba ko ƙusoshin jikinta sun nuna alamar an taɓa kwance ta. A haska tocila cikin gilashi a nemi fumfuna, gama laimar kudu tana haifar da ita, kamar yadda ƙurar hunturu ke shiga ciki in ana yawan canja gilashi a fili. In mai kaya ya ƙi a gwada, a bar masa kayansa.

ZAMANIN MADUBI YA ZO ƘARSHE

Akwai wani babban al'amari da ya canja wannan lissafi duka. Tun 2008 Panasonic ya fito da kyamara mai canjin gilashi wadda ba ta da madubi a ciki, Sony ya biyo da mai babban faranti a 2013, kana a 2018 Canon da Nikon da kansu suka fito da nasu masu babban faranti, watau jerin EOS R da Z. A 2020 marasa madubi suka wuce DSLR yawan fita kasuwa. A shekarar ce kuma Nikon ya fitar da D780 da D6, Canon ya fitar da 1D X Mark III da 850D, daga nan kuma ƙofa ta rufe. A ƙarshen 2021 shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya shaida wa jaridar Yomiuri ta Jafan cewa 1D X Mark III ita ce ta ƙarshe a jerin manyan DSLR na kamfanin.

Wannan yana da fuska biyu. Ta farko, masu hali a ƙasashen waje sun yi ta zubar da DSLR ɗinsu da gilasai domin komawa sabon yayi, saboda haka kyamarori irin su D750 da D850 da 5D Mark IV, waɗanda har gobe hotonsu ba ya jin kunyar kowa, sun yi sauƙi a kasuwar ta hannu in aka auna da dala. Ta biyu kuwa, kamfani yakan daina ƙera kayan gyaran samfuri bayan wasu shekaru, don haka wanda ya sayi tsohon zubi ƙwarai ya san cewa ran da ya lalace sai dai a ciro kaya daga jikin wata matacciya. Abin da zai kwantar da hankali shi ne gilasan EF na Canon, waɗanda aka fara tun 1987, da yawancin na Nikon, suna aiki a kan marasa madubi ta hanyar wani ɗan zobe da ake sawa a tsakani. Sai dai tsofaffin AF-D na Nikon ba sa saita kansu a nan ma. Ashe kuɗin da aka zuba a gilashi mai kyau bai faɗi ƙasa banza ba.

SHAWARA A TAƘAICE

Kafin mai hoto ya kai hannu aljihu, ya zauna ya duba hotunansa na wata shida da suka wuce, ya ware waɗanda suka lalace, ya tambayi kansa abin da ya lalata su. In duhu ne, wataƙila gilashi mai faɗin ƙofa, irin ɗan milimita 50 ɗin nan mai araha, ko fitila mai kyau za su yi maganin abin da kuɗi kaɗan. In saiti ne ke kubce masa wajen abu mai motsi, ko masu ba da aiki sun fara neman bidiyon da tasa ba ta iyawa, ko labulenta ya kusa cika kwanansa, to, canji ya zama dole. In an tashi canjawa kuma, a tsallake zubi ɗaya ko biyu, domin a nan ne ake ganin bambanci na gaske. In da hali kada a sayar da tsohuwar, a riƙe ta ta zama 'yar ko-ta-kwana, gama mai hoton da kyamararsa ɗaya ta tsaya ana tsakiyar biki ya rasa kuɗin ranar, ya kuma rasa sunansa a unguwa.

A tuna da marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗan ƙasar nan wanda ya rasu a 2014. Da 'yar ƙaramar kyamara Brownie ya fara a 1950, kuma hotunan kitson matan Nijeriya kusan dubu da ya tara tun daga 1968, duk da fim ya ɗauke su, baƙi da fari. Yau suna rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya, masu zuwa kallo kuwa kitson suke kallo da yadda ya sarrafa haske.

Allah Ya ba masu sana'a sa'a, Ya sa albarka a abin da suke nema. Wanda ke da tambaya ko ƙarin bayani a kan wannan batu, filin nan a buɗe yake, sai ya rubuto mana. Sai mun sadu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.